ZAƁEN FILTAR BAƘIN MAI: JAN HANKALI GA DIREBOBI DA MASU MOTOCI

Kowace rana motoci suna barin Arewa ɗauke da shanu da albasa da hatsi zuwa Anacha da Inugu da Fatakwal. Bayan wannan doguwar tafiya, direbobi da yawa sukan yi juyen baƙin mai kafin su kama hanyar gida. A kusa da tashar Mile 3 cikin Diobu akwai kasuwar kayan mota ta Ikoku. Haka kuma akwai ta Nkpor a gefen Anacha, da ta Coal Camp a Inugu. Cikin irin waɗannan manyan kasuwanni akan sami filta ta kirki, akan kuma sami jabu, ga shi kuwa a ido duk kamarsu ɗaya.

MENE NE AIKIN FILTA?

Baƙin mai shi ne ke zagaya inji yana hana ƙarfe cin ƙarfe. Cikin zagayen nan yakan kwaso ƙura da toka da ɓarɓashin ƙarfe. Filta ita ce matatar da ke tare wannan datti. A cikin gwangwaninta akwai wata takarda ta musamman da aka ninninka, wadda ke kama ƙwayar da ta fi gashin kai siranta. Yawancin filtoci suna kuma da bawul biyu. Na farko yana hana mai tsiyayewa daga filta idan an kashe mota. Na biyu yana buɗe wa mai hanya idan takardar ta toshe, don kada inji ya bushe.

Masu yin jabu a nan suke rage kuɗi. Sukan sa takarda kaɗan marar ƙwari, da bawul marar aiki. Direba ba zai ga alama nan take ba. Sannu a hankali datti ke cin inji, har ranar da zai buga a tsakiyar daji, da kayan mutane a baya. Lalle araha ba ta ado.

ABUBUWAN LURA WAJEN SAYE

1. A sayi filta mai lambar da ta dace da injin motar. Girma ɗaya ba shi ne dacewa ba.
2. A duba kwali da jikin gwangwani. Rubutu mai dusashewa, ko suna mai kuskuren harafi, alamar jabu ce.
3. A girgiza ta. Idan wani abu yana motsi a ciki, a ajiye ta.
4. A duba robar bakinta. Ta zama mai taushi, ba tsagewa. Tsatsa ko lotsawa ko ɗanɗanon mai alama ce ta tsohuwar da aka wanke aka sake fenti.
5. A saya wurin dillali mai tsayayyen shago, a kuma karɓi rasit.

WAJEN ƊAURAWA

A sake filta duk lokacin da aka yi juye, a kuma bi adadin kilomita da kamfanin motar ya faɗa. Ƙurar hunturu da cunkoson motoci suna sa mai saurin lalacewa. A tabbata tsohuwar roba ba ta manne a jikin inji ba. A shafa wa sabuwar ɗan mai, a ɗaure da hannu, ba da sifana ba. A ta da mota: fitilar mai ta mutu cikin 'yan daƙiƙoƙi, kada kuma a ga ɗigo. Tsohon mai kuwa, kada a zuba shi a kwata ko rafi.

INA ZA A KAI ƘARA?

Tun 1971 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, watau SON, kuma a 2005 aka fito da tsarin SONCAP don tantance kayan da ake shigowa da su. Wanda aka sayar wa jabu, sai ya kai filtar da rasit ofishin hukumar mafi kusa. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi su taimaka wajen isar da wannan saƙo a tashoshinsu. Rigakafi ya fi magani.