Ciwon baya bai jiran tsufa

A taron zubi na wani rukuninmu da ke kusa da Buza, an kira sunan wata ƴar'uwa mako uku a jere ba ta amsa ba. Yarinya ce ɗanya, ba ta kai talatin ba, ƴaƴanta uku, maigidanta yana ci-rani a Abijan. Da muka je gidanta muka iske ta kwance bisa tabarma, ta tokare ƙugu da hannu. Tun haihuwarta ta ƙarshe bayan yake damunta, yau kusan shekara biyu. Ba ta faɗa wa kowa ba, don duk lokacin da ta yi ƙorafi amsa guda take samu: "Ke da ƙuruciyarki, wane ciwon baya? Son jiki dai." Kuɗin zubin kuwa sun tafi wajen mai tallar magani.

Da muka tayar da maganar a Madawa da Keita, sai ga hannuwa sama. Ashe da yawanmu muna fama, kowa ta yi shiru.

Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke hana mutane aiki a duniya. Yana kama yaro, yana kama babba. In ya wuce wata uku ana kiransa ciwo mai daɗewa. A wajen kashi 90 cikin 100 na masu shi, likita ba ya iske wata cuta guda da zai nuna da yatsa ya ce ga ta. Wannan bai nufin ƙarya mai ciwon take yi ba. Jijiyoyi da naman da ke riƙe da ƙashin baya ne suka gaji, gajiyar kuma ta taru.

Mu lissafa kwananmu guda. Bidon mai lita 25 kilo 25 ne bisa kai, kuma ba sau ɗaya ake zuwa rijiya ba. Ga guga, ga daka, ga itace daga nesa, ga goyo. Wadda ke aikin albasa a fadamar Tarka takan wuni a duƙe, daga dashe har cira. A Keita, tun da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a 1984 da tallafin Italiya da FAO, iyayenmu mata ne suka ɗauki duwatsu masu yawa a kai, maza suna ci-rani. Mun gaji wannan ƙwazo, mun gaji nauyinsa kuma. Sai a ƙara da haihuwa kusa da kusa, jiki bai murmure ba wani ciki ya shigo. Damuwa da rashin barci su ma suna ƙara wa ciwon ƙarfi.

Yawancin ciwon baya ba ya kisa, amma akwai alamun da ba a jira da su. In ciwon ya zo da zazzaɓi, ko rama, ko zufar dare, ko tari mai daɗewa, a tafi likita, don tarin fuka yana iya kama ƙashin baya har ya tanƙwara shi, kuma yana da magani. In ƙafa ta mutu ko ta rasa ƙarfi, in fitsari ko bayan gida suna zuba ba a sani ba, ko fitsarin ya ƙi fita, wannan na gaggawa ne, ranar nan za a tafi. Haka in ciwon ya biyo bayan faɗuwa daga amalanke ko babur, in akwai zafin fitsari, in mace tana da ciki, ko tana da amosanin jini. A fara da CSI mafi kusa. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura babbar likita ta Madawa, Buza ko Keita, ko Tawa.

Sai maganar ƙwayoyi. Tramol da ake saidawa a kasuwa yana kwantar da ciwo na ɗan lokaci, amma jiki yana sabawa da shi, gobe sai an ƙara, har mutum ya kasa tashi in bai sha ba. Yana iya kawo farfaɗiya ma. A watan Disamba 2023 OMS ta fitar da jagora kan ciwon baya mai daɗewa, ta ce kada a riƙa amfani da irin waɗannan magunguna masu sa jaraba, haka ma ɗamarar ɗaure ƙugu. Ibuprofen da diklofenak suna taimako, amma shan su kullum yana cin ciki yana taɓa ƙoda, kuma mai juna biyu ba ta sha sai da izinin ma'aikacin lafiya. Tsaga da sakiya kuwa suna barin miki, ba su kai inda ciwon yake.

Abin da jagoran ya fi ƙarfafawa bai buƙatar ko dala: fahimtar ciwon da motsa jiki. Kwanciya kwana da kwanaki tana ƙara sandarar da baya. A yi tafiya kaɗan-kaɗan kullum. Da safe a kwanta rigingine, a jawo gwiwa zuwa ƙirji a hankali, a saki, a sake. Wajen ɗaukar kaya a lanƙwasa gwiwa, a jawo kayan kusa da jiki, kada a murɗa ƙugu da nauyi a hannu, kuma ba kunya ba ne a ce "zo ki aza mini". Gara sawu biyu da rabin bidon da sawu ɗaya da cikakke. Mai duƙe a gona ta riƙa miƙewa lokaci-lokaci. Wanki da wanke-wanke a zauna bisa kujera ƴar tsuguno. Tsumma mai ɗumi a ƙugu yana sassautawa. Mai kwana ta gefe ta sa matashi tsakanin gwiwoyi.

To, mu a matsayin rukuni fa? Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a yankin Maradi a 1991, dubarar ita ce abin da mace ɗaya ba ta iyawa, mata talatin su iya. Asusun taimako da muke zubawa ban da na bashi, ai don irin wannan rana ne. Ga abin da rukunin can na Buza ya yi. An fitar da kuɗin mota da na ganin likita daga asusun taimako, wata ta raka ta CSI. An duba ta, ba a iske alamar haɗari ba, an nuna mata motsin da za ta riƙa yi. An ɗage mata lokacin biyan bashinta ba tare da tara ba. Mata huɗu suka raba ɗibar ruwanta na wata guda. Yanzu suna tara kuɗin amalanken jaki na haɗin gwiwa, wanda zai ɗauko ruwa da itace, a kuma ba da shi haya ranar kasuwa. Ita kuma ta bar dakon kaya, ta koma saida ƙuli-ƙuli da yaji a ƙofar gida.

Ba ta warke sarai ba. Akwai ranakun da ciwon ke tashi, musamman lokacin sanyi ko bayan aiki mai yawa. Amma ta bar tramol, tana barci, kuma ta dawo zubi.

A taronku na mako mai zuwa, bayan an rufe akwati, shugaba ta tambaya: wa ke fama da baya fiye da wata uku? A rubuta sunaye, a duba wadda ke da alamun da muka lissafa, a sa ranar kai ta likita. Surukai da ke cikinmu kuma, in amarya ta ce bayanta na ciwo, mu saurare ta. Allah ya ba mu lafiya, ya sa albarka cikin asusunmu.