Masu Zane da Sassaƙa na Karkarar Amurka: Abubuwan Mamaki a Taƙaice

Kafin kyamara ta yaɗu a Amurka, wanda ke son ganin fuskarsa rataye a bango sai ya jira mai zane ɗan yawon gari-gari. Ɗaya daga cikin irin waɗannan masu zane, William Matthew Prior, har talla ya buga a jarida: in ka yarda a zana ka ba tare da inuwa ba, rubu'in kuɗi kawai za ka biya. Iya kuɗinka, iya shagalinka.

Ammi Phillips ya shafe kusan shekara 50 yana zagaya ƙauyukan New York da Connecticut da Massachusetts yana zanen mutane. Salonsa ya yi ta sauyawa har masana suka ɗauka aikin mutum biyu ko uku ne, sai a shekarun 1960 aka tabbatar hannu ɗaya ne. A 1985 aka sayi zanensa na wata yarinya mai jar riga, da kyanwa da kare, dala miliyan ɗaya cur.

Edward Hicks mai wa'azi ne, fentin keken doki da allunan shago ne abincinsa. Hoton zaki da sa da ɗan rago zaune lafiya wuri ɗaya ya zana fiye da sau 60, bai gaji ba.

Wilhelm Schimmel, Bajamushe mai yawo a Pennsylvania, da wuƙar aljihu yake sassaƙa gaggafa, ya musanya ta da abinci, wurin kwana ko kofin giya. A gidan gajiyayyu ya rasu a 1890.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Dave, bawa maginin tukwane a Edgefield, jihar South Carolina. Yakan gina manyan tuluna, wani har yana cin galan 40. A lokacin da dokar jihar ta haramta koya wa bayi rubutu, shi kuwa sai ya rubuta sunansa da kwanan wata, wani lokaci har da baitin waƙa, a jikin ɗanyen yumɓu kafin a gasa. Wa zai iya goge abin da wuta ta riga ta kama? A 2021 an sayar da tulunsa guda sama da dala miliyan ɗaya da rabi.

Harriet Powers, wadda aka haifa cikin bauta a Georgia a 1837, ta harhaɗa ƙyallaye ta ɗinka bargo mai ɗauke da labaran Littafi Mai Tsarki. Da talauci ya matsa, ta yi masa kuɗi dala 10, mai saye ta ce 5 gare ta. Harriet ta karɓa, amma sai da ta tsaya ta yi bayanin kowane hoto ɗaya bayan ɗaya. Yau bargon yana gidan tarihi na Smithsonian a Washington.