Kwamfutarka Ta Yi Nauyi? Fara Duba Faifan Ajiyarta

Ka kunna kwamfutarka ta cinya, ka je ka yi alwala ka dawo, har yanzu tana ta juyi ba ta gama buɗewa ba. Yawancinmu sai mu ce bayaros ne, ko kuma tsufa. Sau da yawa kuwa laifin na faifan ajiya ne, wanda masu gyara ke kira HDD.

A cikinsa akwai faranti mai juyawa, galibi sau 5,400 a minti ɗaya, da wani ɗan hannu da ke kai da komo a kansa, kusan kamar garmaho na da. Duk fayil ɗin da ka nema sai hannun ya je ya lalubo shi. Shi kuwa SSD, sabon nau'in ma'ajiya da ake sakawa a madadinsa, babu abin da ke motsi a cikinsa. Ɗan'uwan filashi ne da memorin waya. Inda tsohon faifai ke karanta megabayit 100 ko makamancin haka a daƙiƙa, SSD mai bakin SATA yakan kai 500. Ba ya yin ƙara, kuma girgizar Keke Napep ba ta dame shi ba.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne wajen saye. Akwai wanda ake kira mai inci 2.5, wanda ke zama daidai a gurbin tsohon, akwai kuma M.2, siriri kamar cingam. Shi ma M.2 iri biyu ne, SATA da NVMe, kuma ba kowace kwamfuta ke karɓar duka ba. Wasu ma an liƙe musu ma'ajiyar a jikin babban allon da ke cikinsu, ba ta ciruwa. Saboda haka a bincika lambar kwamfutar tukuna.

Aikin kansa ba wuya: a kashe ta, a zare caja da batir, a kwance murfin baya, a musanya. Sannan ko dai a kwafo komai daga tsohon faifan, ko a ɗora sabon Windows. Ni na fi son na biyun, don ba ya kwaso tsohuwar shara. Tsohon faifan kuma kada a yar. A saya masa gida mai wayar USB ya zama rumbu.

Sai dai SSD kan mutu ba sallama, ba kamar HDD da kan fara ƙwas-ƙwas ba. Kafin mai gyara ya kwance ko noti ɗaya, ka tabbata hotunanka da takardunka suna ajiye a wani wuri daban.