Me Ya Sa Har Yau Masu Karatu Ke Zargin Julia?

Yawancin Hausawan da suka san George Orwell sun san shi ne ta Gandun Dabbobi, fassarar da Bala Abdullahi Funtuwa ya yi a 1975. Amma littafinsa na ƙarshe, 1984, wanda ya fito a watan Yunin 1949, wata bakwai kafin tarin fuka ya yi ajalinsa, shi ne ya fi tayar da ƙura a duniya. Akan ɗauke shi littafin siyasa tsantsa: jam'iyya ɗaya, na'urar sa ido a kowane ɗaki, da shugaban da hotonsa ke manne a kowane bango. Haka ne. Sai dai ƙashin bayan labarin soyayya ce ta mutum biyu da 'yan leƙen asiri suka yi wa zobe ba su sani ba, kuma a kan wannan soyayyar ce kan masu karatu ya fi rabuwa.

Winston Smith ɗan shekara 39 ne, aikinsa sauya tsoffin labaran jarida su dace da ƙaryar da gwamnati ke so a yau. Julia 'yar shekara 26 ce, tana ɗaure da jar ɗamara ta ƙungiyar matasa masu yaƙi da sha'awa. Tun ganin farko Winston ya tsane ta, don ya ɗauka 'yar rahoto ce da aka sa ta bi sawunsa. Ranar da ta yi tuntuɓe ta faɗi a gabansa, ya miƙa hannu ya tashe ta, sai ta saƙa masa 'yar takarda a tafin hannu, ashe saƙon so ne. Daga nan suka kama hayar ɗaki a saman shagon wani dattijo mai sayar da tsoffin kaya, Charrington, suna shan gahawa ta gaske da sukarin da Julia ke samowa ta bayan fage.

Mutum biyu Winston ya amince wa ɗari bisa ɗari, kuma su ne suka kai shi suka baro. Dattijon nan mai taushin murya jami'in 'yan sandan tunani ne da ya yi shigar burtu, na'urar sa ido kuwa tana ɓoye bayan hoton wata majami'a da ke jikin bangon ɗakin. O'Brien, babban ɗan jam'iyyar da Winston ya ɗauka jagoran 'yan tawaye ne, shekara bakwai ya yi yana sa masa ido. Wadda aka zarga tun farko kuwa, babu inda littafin ya nuna ta yi wa gwamnati aiki.

Duk da haka, masu karatu da dama har gobe ba su wanke ta ba. Hujjarsu ita ce, yaya aka yi yarinya mai wayo irin wannan ta zaɓi mutum mai haƙoran roba da gyambo a ƙafa? Ina take samun kayan da sai manyan jam'iyya ke da su? Wasu kuma, musamman mata, kokensu daban ne: sun ce Orwell bai ba ta zuciya tata ta kanta ba, ta bakin Winston kaɗai muke jin ta, har barci ya sa ta yi lokacin da ake karanta mata littafin 'yan tawaye, kamar mace ba ta da kan fahimtar siyasa. Wannan koken yana da ƙamshin gaskiya. A 2023 marubuciya 'yar Amurka Sandra Newman ta fitar da littafi mai suna Julia, da izinin masu kula da gadon Orwell, inda ta ba da labarin ta bakin yarinyar, kuma a cikinsa O'Brien ya tilasta mata zama tarkon kama maza.

Ni dai ina ganin mai da Julia 'yar leƙen asiri yana sassauta wa mai karatu ne. In da ma ƙarya take yi, to Winston yaudara ce kawai ta ci shi, kuma yaudara abu ne da zuciya ta san yadda za ta haɗiye. Abin da Orwell ya rubuta ya fi haka ɗaci. Son gaskiya ne, kuma duk da haka bayan an kama su, a ɗaki mai lamba 101, da aka kusanto da kejin ɓeraye fuskarsa, Winston ya roƙi a yi wa Julia azabar a ƙyale shi. Ita ma daga baya ta faɗa masa haka ta yi. Wannan ne masu karatu ke kasa yafewa, shi ya sa suke neman mai laifin da za su ɗora wa jakar tsaba.

Fushin ba sabo ba ne. Da BBC ta nuna labarin a talabijin a Disambar 1954, Peter Cushing a matsayin Winston, ƙorafe-ƙorafen masu kallo sun yi yawa har 'yan majalisar dokokin Birtaniya suka kai maganar zauren majalisa. A gabashin Turai kuwa, inda ake karanta littafin a ɓoye, ba fushi aka yi ba. Marubucin Poland Czesław Miłosz ya bayyana a 1953 cewa waɗanda suka samu karanta shi mamaki suke yi yadda mutumin da bai taɓa zama a Rasha ba ya san rayuwarsu haka. Tarayyar Sobiyet ba ta bari an buga shi a fili ba sai 1988.

Su waɗannan masu karatun ba tatsuniya suke gani ba. Bayan faɗuwar katangar Berlin, 'yar gwagwarmaya Vera Lengsfeld ta gano cewa mijinta, uban 'ya'yanta, ya shafe shekaru yana kai rahotonta ga Stasi, hukumar leƙen asirin Jamus ta Gabas, da sunan boge Donald. Kada kuma a ɗauka sai ƙasashen kwaminis. A Ingila, ƙasar Orwell, an bankaɗo 'yan sandan farin kaya da suka kutsa ƙungiyoyin fafutuka da sunayen ƙarya, suka ƙulla soyayya ta shekaru da matan da aka tura su sa wa ido, wani har ya haifi ɗa. A Nuwamban 2015 rundunar 'yan sandan Landan ta nemi gafarar mata bakwai a bainar jama'a, a shekarar ce kuma aka kafa kwamitin bincike kan lamarin.

Kasuwar littafin takan tashi duk sanda tsoron sa ido ko na ƙaryar gwamnati ya ƙaru, kamar a 2013 bayan fallasar Edward Snowden kan sa idon gwamnatin Amurka, da Janairun 2017 lokacin da ya hau saman jerin littattafan da aka fi saya a Amazon. Da yawan waɗannan sababbin masu saye siyasa suka zo nema, amma in sun kai ƙarshe, gardamar da suke yi da abokansu a kan Julia ce: ta so shi, ko aiko ta aka yi?