Kwana Bakwai Kafin Suna: Kiwon Jariri a Ƙasar Kance

A ƙasar Kance, yarinya mai cikin fari gidan iyayenta take komawa goyon ciki. In ta sauka lafiya, kunyar ɗan fari takan hana ta faɗin ra'ayinta a kansa, sai abin da tsofaffi suka yanke. Shi kuwa sabon uba, hankalinsa yana kan rago da goro da itacen wankan jego. Alhali a cikin waɗannan kwanaki bakwai ne ran jariri ya fi zama cikin haɗari.

Babbar asara ita ce zubar da dakashi, wato nonon farko mai kauri. Akan matse shi, wai ba shi da kyau, a ɗura wa jariri ruwa ko nonon akuya. Dakashin nan kuwa shi ne rigakafinsa na farko. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta yi horo da a sa jariri a nono tun awa guda ba ta cika ba, kuma ya sha nono zalla har wata 6. Ko cikin zafin bazara, ruwan da ke cikin nono ya ishe shi. Uwa ce za ta yawaita shan ruwa, domin ruwan da ba tsabta shi ke jawo wa jariri zawo.

Cibiya kuma da sabuwar reza ake yanke ta, kada a shafa mata toka ko ƙasa. Haka nan cire belu da askar wanzami yakan jawo zubar jini da ciwo.

Jaririn da ya ƙi kama nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yana numfashi da sauri, ko ya sanƙare, kada a ce sai bayan suna. A kai shi likitar Kance ko asibitin Matamai ran nan. Can ne kuma ake yi masa allurar BCG da ɗigon shan-inna. A shekarar 2006 ne gwamnatin Nijar ta yafe kuɗin maganin yara ƴan ƙasa da shekara 5.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta wa iyayenmu mata wannan cikin ladabi, tun da su ke riƙe da mai jego. Allah ya raya mana.