Caffè Florian: Gidan Gahawar da Ya Haura Shekara 300

A dandalin San Marko da ke birnin Venis na ƙasar Italiya akwai wani gidan shan gahawa mai suna Caffè Florian, wanda Floriano Francesconi ya buɗe ranar 29 ga Disamba, 1720. Da farko ya raɗa masa sunan da ke kirari ga nasarar birnin, amma masu zuwa suka riƙa kiransa da sunan mai shi, har sunan ya bi shi.

Fataken Venis sun daɗe suna ciniki da Masar da ƙasar Turkawa, ta nan gahawa ta shigo musu. Abin da ya bambanta Florian da takwarorinsa na wancan zamani shi ne yana karɓar mata. Marubuta irin su Goethe da Charles Dickens sun zauna a cikinsa.

A 1858 aka yi wa ɗakunansa gyara, aka ƙawata su da zane-zane da madubai. A ɗaya daga cikinsu ne aka tsara shawarar kafa baje kolin zane-zane na Biennale, wanda aka fara a 1895. Har gobe gidan yana karɓar baƙi.