Kilomita Goma Ba Duka Ɗaya Ba Ne

Da zarar ƙungiyar masu tattaki ta sa ranar fita zuwa tsauni, tambayar kowa ita ce: kilomita nawa? Nisa kaɗai kuwa ba ya nuna wahalar hanya.

Tun a 1892 wani mai hawan tsaunuka ɗan Sikotilan, William Naismith, ya fitar da lissafin da ake amfani da shi har yau: a ware awa ɗaya ga kowace kilomita 5, a ƙara awa ɗaya ga kowace mita 600 ta hawa. Ke nan kilomita 10 a miƙaƙƙen fili awa biyu ce, amma idan da hawan mita 900 a ciki, ta koma awa uku da rabi. Ban da hutu ke nan, ban da jiran wanda ke haki a baya riƙe da ƙugu. Ayari ai da tafiyar na ƙarshe yake tafiya.

Sai dai lissafin Naismith lokaci kawai yake faɗa, bai san inda ƙafa za ta taka ba. Nan ne tsarin Suwizalan ya yi fice. A 2002 ƙungiyar masu hawan tsaunukan ƙasar ta kasa hanyoyi mataki shida, daga T1 zuwa T6. T1 hanya ce shararriya, babu fargabar faɗuwa. A T3 za ka iske wurare masu gangara inda aka kafa igiya ko sarƙa don riƙewa. Daga T4 hannu ya shiga aiki sosai, a T6 kuwa sau da yawa babu ma hanyar. Kan duwatsu ana shafa fenti: fari-ja-fari ga hanyar tsauni, fari-shuɗi-fari ga mai haɗari. A ganina wannan ya fi a ce tafiya "matsakaiciya" ce. Matsakaiciya ga wa? Saurayin da ke buga ƙwallo kullum, ko magidancin da ya yini a ofis?

Kowane ma'auni kuma ɗauka yake yanayi na da kyau. Dutsen da takalmi ke kamawa da rani, santsi yake yi bayan yayyafi. Masu shirya hawan duwatsun Shere kusa da Jos a watan Agusta, kamata ya yi su ɗaga matakin da suka ba hanyar a Disamba, su kuma faɗa wa mutane tun kafin a shiga mota.